Wane bugun D&D ya dace da sababbin 'yan wasa?

Abdul Samaru: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka min da shawara kafin kaina ya fashe. Mu shida ne muka shirya za mu fara buga wasan tebur na labari da dayis, wato Dungeons & Dragons duk Asabar bayan la'asar, kuma ni aka ɗora wa DM, wato mai jan labarin da yanke hukunci, tunda ni na kawo maganar. Biyu daga cikinmu sun buga Baldur's Gate 3 a kwamfuta, ɗaya mayen kallon Critical Role ne, shirin da ake buga wasan a intanet, sauran biyun kuwa, ƙanwata da wani abokina, ko dayis mai fuska ashirin ba su taɓa gani ba. Na shiga intanet in sauke dokoki sai na tarar abin ba guda ɗaya ba ne, ga bugu na biyar na 2014, ga na 2024 da wasu ke cewa shi ma na biyar ne wasu su ce a'a, ga 3.5, ga na huɗu, ga wani wai Pathfinder, ga masu cewa a koma na da can. Wanne zan kama? Aljihu ba nauyi, lokacin ma daga la'asar zuwa magariba ne kawai.

Anti Hajjo: Wa alaikumus salam. Na biyar na 2014, ka haɗa da shiryayyen labarin nan Lost Mine of Phandelver. Shi ke nan an gama magana.

Khalifa: Pathfinder na biyu. Dokokinsa kaf kyauta suke a shafin Archives of Nethys, ba satar fasaha ba, kamfanin Paizo da kansa ya yarda.

Yaya Nura: Hhhh to an taɓo gidan rina. Abdul ka gyara zama, yau sai tsakar dare.

Malam Bala: Kafin kowa ya tallata hajarsa, Abdul ina da tambaya. Mutanen nan naka za su karanta littafi kuwa? Gaskiya nake so, ba abin da suka yi maka alkawari ba.

Abdul Samaru: Wallahi Malam mutum ɗaya ne nake da tabbacin zai karanta, shi ma don ya samu abin yi min gardama ne.

Malam Bala: To ka ga ashe kai kaɗai za ka ɗauki kayan. Duk dokar da ke cikin littafin nan a kanka za ta zauna, kai za a riƙa tambaya "me zan jefa?" daga farkon zama har ƙarshe. Saboda haka ni shawarata ka duba na 1981, wanda Tom Moldvay ya tsara, ana ce masa B/X. Littafin farko shafi 64 ne kacal, ya ɗauke ku daga lebel 1 zuwa 3, na biyun ya kai ku 14. Haɗa jarumi bai wuce ka jefa dayis uku masu fuska shida sau shida ba, ka rubuta lambobin a jere, ka zaɓi aji kamar mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, ka sayi igiya da fitila da takobi, an fara wasa. Dayis ɗin ludo ma ya isa wannan ɓangaren. In ba ka samu na asalin ba akwai Old-School Essentials da ya sake tsara shi tsaf, akwai kuma Basic Fantasy wanda kyauta ne gaba ɗaya har da labaran da za ka ja su a ciki. Ba a koya wa mutum tuƙi da tirela.

Anti Hajjo: Malam ranka ya daɗe, ka faɗa masa sauran mana. Ka faɗa masa matsafi a lebel 1 jininsa, wato makin rayuwarsa, dayis mai fuska huɗu ne, zai iya fitowa da jini 1, kuma sihiri guda ɗaya tak yake da shi a yini. Ya harba shi, shi ke nan ya koma ɗan rakiya mai riƙe fitila. Ɓarawo kuma damar buɗe kwaɗonsa kashi 15 cikin 100. Jini ya kai sifili kuwa sai jana'iza, babu wani jefa dayis na neman tsira. Yarinyar da ta zauna ta raɗa wa jarumarta suna, ta ƙirƙiro mata uwa da uba da garinsu, sai ɓera ya kashe ta a ɗakin farko, kana ganin Asabar mai zuwa za ta dawo?

Malam Bala: Hajjo ai ba wasan faɗa ba ne, nan ne mutane ke kuskure. A B/X yawancin makin ƙarin lebel daga dukiya yake zuwa, kowane zinare ɗaya da ka fito da shi daga kogo maki ɗaya ne, kashe dodo ɗan abin da yake bayarwa kaɗan ne. To mai hankali ba ya tsayawa dambe, zai yi dabara ne, ya ba gobilin cin hanci, ya haɗa su faɗa da maƙwabtansu, ya zuba mai a ƙasa ya kunna. Kuma dodannin ma suna da tsoro, DM yana jefa dayis biyu ya ga ko za su gudu in an kashe na farkonsu. Sabon ɗan wasa ba ya kallon takarda yana neman maɓallin da zai danna, kai yake kallo ya ce "zan leƙa ƙarƙashin ƙofar." Da tsohuwar zuma ake magani.

Sadiq: Babu mai maganar na huɗu ne? 😭

Yaya Nura: Babu.

Sadiq: Wlh an zalunci bugun nan. Tun 2008 ake zaginsa wai ya zama wasan kwamfuta, alhali shi ne ya fi tausayin DM. Kowane dodo duk abin da zai yi yana rubuce a gabanka, ba sai ka buɗe wani littafi neman bayanin sihirinsa ba. Akwai ƙananan dodanni masu jini 1 da za ka zubo su da yawa 'yan wasa su yi ta shara suna jin su jarumai ne. Mayaƙi ma yana da dabaru irin na matsafi, wani kullum, wani sau ɗaya a faɗa, wani sau ɗaya a yini. Ku duba ma na 2024 ya dawo da maganar dodo ya jigata in jininsa ya kai rabi, daga ina suka ɗauko?

Anti Hajjo: Duk gaskiya ne Sadiq, amma faɗa ɗaya zai cinye musu la'asar zuwa magariba, kuma dole sai da taswira mai gida-gida. Sannan a ina zai samu? Ba a sake shi kyauta irin na 3.5 da na biyar ba, manhajar haɗa jarumin ma an rufe ta.

Sadiq: Murfin kwalba da bayan kalanda sun isa taswira. Amma na ji, na yi shiru.

Yaya Nura: Ni kowa ya sani ɗan 3.5 ne, a kansa na koya kuma har gobe shi nake so, amma Abdul ƙanina kar ka soma. Na 2003 ne, dokokin suna nan kyauta a intanet tun zamanin OGL, lasisin da ya ba kowa damar amfani da su, kuma babu irin jarumin da za ka yi mafarki ka kasa haɗa shi. Matsalar ita ce wasan yana saka wa wanda ya yi karatu ne, ya hukunta wanda bai yi ba. Misali akwai wata baiwa Toughness, sabon shiga zai ga sunan ya ce yawwa zan yi ƙarfi, alhali jini 3 kawai take ƙara masa har abada, shi kuma wancan mai gardamar taka zai kwana yana bincike ya zo da malamin daji da zai iya aikin mutum uku shi kaɗai. Zuwa lebel 7 ko 8 ƙanwarka tana kallo ne kawai. Ban ma zo kan dokar kokawa ba, wadda duk ranar da wani ya ce "zan riƙe shi" sai an dakata an buɗe littafi kowa ya ɗauko waya.

Khalifa: To ai shi ya sa na ce Pathfinder na biyu! Na farkon ne ɗan 3.5, wanda Paizo suka fitar a 2009 lokacin da mutane suka ƙi na huɗu. Na biyun na 2019 sabon gini ne. A zagayenka kana da aiki uku, ka yi abin da ka ga dama da su: tafiya ɗaya, sara ɗaya, ɗaga garkuwa ɗaya. Ka gaya wa sabon shiga "kana da uku" ya gane nan take. A na biyar kuwa sai ka yi ta bayanin wannan babban aiki ne, wancan ƙaramin aiki ne na kari amma ba kullum kake da shi ba, tafiya kuma daban take. Ga shi in ka wuce lambar da ake nema da 10 ka yi babbar nasara, in ka gaza da 10 ka yi babbar faɗuwa, don haka ko +1 da abokinka ya ba ka yana da amfani, dole a yi wasa tare. Uwa uba lissafin haɗa faɗa yana aiki, in littafi ya ce faɗan nan mai tsanani ne to mai tsananin ne. A na biyar sai ka haɗa abin da littafi ya ce zai kashe su, su gama da shi kafin ka kurɓi shayi.

Anti Hajjo: Khalifa lissafa masa baiwa nawa mutum zai zaɓa: ta aji, ta asali, ta sana'a, ta gama-gari. Sannan yanayi iri-iri masu lamba, tsoro 1, tsoro 2, kowa sai ya tuna ya rage a ƙarshen zagaye. Sara na biyu a cire 5, na uku a cire 10. Wasa ne mai kyau ban musa ba, amma na teburin da kowa ya yi karatu ne. Abdul ya ce mutum ɗaya ne zai karanta.

Khalifa: Akwai Beginner Box ai, a hankali yake koyarwa ɗaki bayan ɗaki.

Anti Hajjo: Shi kuma ba kyauta ba ne, sai an yi oda an jira.

Ummi: Slm, ni ce ƙanwar da ake ta magana a kanta 😂 Yaya Abdul ne ya saka ni a nan. Ni dai abin da nake so in zama ɓarauniya mai wayo, in yi ƙarya a yarda, kuma don Allah kar a kashe ni ranar farko. Lissafi kuma in ya wuce tarawa ba na ciki.

Yaya Nura: To Malam Bala ka ji, an yanke hukunci hhhh.

Malam Bala: Ummi 'yata, a nawa wasan ƙarya da bakinki za ki yi ta, ba dayis zai yi miki ba. Amma batun mutuwa kam ba zan yi miki alkawari ba.

Abdul Samaru: To kamar dai an karkata ga na biyar. Saura 2014 ko 2024? Nan ne na fi ruɗewa.

Mubarak: Bari in shigo nan don shi nake ja yanzu. Na 2024 ba sabon wasa ba ne, gyaran na 2014 ne, ƙashin bayan duk ɗaya: ka jefa mai fuska ashirin ka tara lamba, in kana da rinjaye ka jefa biyu ka ɗauki babba, in kana cikin matsi ka ɗauki ƙarami. Littafin 'yan wasa ya fito Satumba 2024, na DM a Nuwamba, na dodanni a Fabrairu 2025. Abin da ya canja: kowane aji sai lebel 3 yake zaɓar reshe, ba irin da ba da wasu tun lebel 1 za a ce su zaɓa alhali ba su san komai ba. Ƙarin lambobin jiki ya tashi daga jinsi ya koma kan tarihin jarumi. Makamai sun samu dabaru, wani ya kayar da mutum, wani ya tura shi baya, wani ya rage masa gudu, don haka mayaƙi ya daina "na sara, na sara" kawai. Sihirin warkarwa an ninka dayis ɗinsa, Cure Wounds daga ɗaya mai fuska takwas ya koma biyu. Shan maganin jini ya zama ƙaramin aiki, kuma mutanenka na Baldur's Gate haka suka saba, duk da shi wasan a kan dokokin 2014 aka gina shi. Sannan littafin ya fi iya koyarwa nesa ba kusa ba, da yadda ake wasa ya fara kafin ya kai ka haɗa jarumi, ga jerin ma'anar dokoki a baya. Kuma duk abin da za su fitar nan gaba a kansa ne.

Anti Hajjo: Ban ƙi ko ɗaya ba Mubarak, littafin ya fi tsari. Amma duk abin da ka lissafa ƙari ne a kan takardar sabon shiga. A lebel 1 yanzu mutum yana da baiwa ta asali, in ajin faɗa ne yana da dabarun makami biyu ko uku da zai tuna, DM kuma in makamin mai kayarwa ne duk sara sai ya jefa wa dodo dayis ya ga ko ya faɗi. Mutum biyar a tebur, kowa da nasa, lokaci yana tafiya. Dalilin da ya sa nake cewa 2014 shi ne ƙananan dokokin nan na kyauta da suka saki a PDF, aji huɗu ne kawai a ciki: mayaƙi, ɓarawo, matsafi, kilerik mai warkarwa. Jinsi ma huɗu. Mutane suna ganin ƙarancin a matsayin naƙasu, ni kuwa a wajen sababbi shi ne alherin. Ka ajiye wa mutum aji 12 ya zaɓa, ranar farko ta tafi a "wanne ya fi ƙarfi?"

Phandelver kuma an rubuta shi ne don DM ɗin da bai taɓa yi ba. Wani wada Gundren ya ɗauke su aikin raka keken kaya daga Neverwinter zuwa Phandalin, a hanya su tarar da matattun dawakai biyu da kibau a jikinsu, gobilin huɗu suna laɓe a daji. Daga nan kogo, daga kogo gari mai 'yan daba da suka addabi mutane, sai labari ya buɗe kowa ya bi inda yake so, har lebel 5. Jarumai biyar an riga an haɗa su, kowanne da dalilinsa na zuwa garin. Ka miƙa wa kowa takarda a fara wasa a zaman farko.

Yaya Nura: Ki gaya masa gobilin huɗun nan sun kashe jarumai ba adadi 😂 kibiya ɗaya dayis mai fuska shida da ƙarin 2 ce, matsafi yana yawo da jini 7 ko 8, in sun yi musu ba-zata sai su harba kafin kowa ya motsa.

Mubarak: Ka ga wannan ma na 2024 ya gyara. Ba-zata ba ta cinye maka zagaye, wajen jefa dayis ɗin wa zai fara ne kawai za ka jefa biyu ka ɗauki ƙarami.

Anti Hajjo: To ya ari wannan ɗin da ta shan magani, ya rubuta su a takarda ya manna a tebur. Biyu sun isa. Kuma a labarin ma an ba DM mafita, in duk sun faɗi gobilin su kwashe musu kaya su bar su a sume.

Khalifa: Kun gani ko, tun ba a fara ba an soma faci. Wasan da sai DM ya gyara shi da kansa.

Mubarak: Ni abin da zan ja kunne a kai, kar wani ya zo da jarumin 2024 wani na 2014 a tebur ɗaya. Kamfanin ya ce suna tafiya tare, kuma tsofaffin labarai kam suna tafiya lafiya, amma sunan sihiri ɗaya bayani biyu, nan gardama take. Wanda zai bincika a waya ma ya lura wanne yake karantawa, don D&D Beyond, shafin kamfanin, sabon yake fara nuna maka.

Abdul Samaru: Kuɗin fa? In na ce zan sayi littattafan.

Yaya Nura: Kowanne kusan dala 50, uku ne, ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa. Kar ka sayi komai yanzu. Bayan rigimar OGL ta Janairun 2023, da masu wasan suka so canja lasisin mutane suka yi musu ca, sun saki ginshiƙan dokokin 2014 a ƙarƙashin lasisin kyauta na Creative Commons, na sabon ma sun sake shi haka a 2025. Halal ɗinka ne ka sauke ka kai shago a buga maka. Shafukan faɗa da na sihirin lebel 1 kawai za ka buga, ba duka ba. In kun yi wata biyu ba a watse ba sai a yi karo-karo.

Abdul Samaru: Akwai wata kuma. Abokin nan nawa ya ce shi in akwai bautar gumaka da ƙulla yarjejeniya da shaiɗan a ciki ba ya yi.

Malam Bala: Yana da gaskiyarsa, kuma ba shi ya fara ba. A Amurka ma cikin shekarun 1980 iyaye da coci-coci sun tayar da ƙura a kan haka, har kamfanin TSR, mai wasan a lokacin, da ya zo fitar da bugu na biyu a 1989 ya cire shaiɗanu da aljanu, daga baya ya dawo da su da wasu sunaye, baatezu da tanar'ri. Wannan ba matsalar bugu ba ce, duk suna da shi. Duniyar taka ce, ka cire allolin, ka hana ajin warlock mai ƙulla irin yarjejeniyar, mai warkarwa ya zama mai magani. A ƙananan dokokin da Hajjo ta faɗa ma babu warlock ɗin. Ku zauna kafin ranar farko kowa ya faɗi abin da ba ya so a tebur. Abin da ya shafi hukunci kuma ya tambayi malaminsa, mu nan 'yan wasa ne.

Abdul Samaru: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na tsaya a kan na 2014 da Phandelver, da aron dokoki biyun nan. In mun kai lebel 5 muna tare sai mu duba na 2024. Malam Bala na yi alkawarin ranar da mutum biyu suka ƙi zuwa za mu gwada naka.

Malam Bala: Ka tanadi takardun jarumai da yawa ranar.

Khalifa: Za ku dawo ne, ina nan.

Anti Hajjo: Akwatina na Phandelver yana nan Kaduna ba na amfani da shi, ka turo min lambarka ta gefe in ba direba a Kawo ya kawo maka Zariya kafin Juma'a. Dayis mai fuska huɗun ya ɓata, ku jefa na ludo in 5 ko 6 ta fito a sake. Kuma a dawo min da shi da taswirar da na zana a ciki.

Ummi: Anti tambaya ta ƙarshe, ɓarauniyar za ta iya sace kuɗin 'yan tawagarmu?

Anti Hajjo: Doka ba ta hana ba. Abdul ka hana.

Ummi: Yaya Abdul kar ka ji maganarta 😭